Inshorar Kuɗin Fansa: Daga Kasuwar Lloyd's Zuwa Babin Jihadi Na Mukhtasar

 

Sace 'yan mata ɗalibai da aka yi a Maga ta Jihar Kebbi, da kwashe yara sama da 200 daga makarantar Papiri ta Jihar Neja, duka a watan Nuwamban 2025, sun sake tayar da tsohuwar muhawarar nan ta kuɗin fansa: a biya ko kada a biya, kuma in za a biya, daga aljihun wa? A gefen wannan muhawara akwai wata tambaya da ake yi ƙasa-ƙasa, musamman a tsakanin 'yan kasuwa da ma'aikatan da neman abinci ya tilasta musu bin hanyoyin da kowa yake tsoro. Tunda mota tana da inshora, shago yana da inshora, me zai hana mutum ya yi wa kansa inshorar garkuwa, ta yadda in ƙaddara ta faɗa masa ba sai iyalinsa sun sayar da gona da gida ba?

Irin wannan inshora tana nan, ta ma haura shekara 90 a duniya. Cibiyarta ita ce kasuwar Lloyd's ta birnin Landan. Lloyd's kasuwa ce mai ɗauke da rukunonin masu jari da dama, kowanne da teburinsa, kuma ta samo asali daga shagon gahawa na wani Edward Lloyd wajen shekarar 1688, inda masu jiragen ruwa da attajirai suke haɗuwa. Dillali yakan zaga da takarda daga wannan tebur zuwa wancan, wannan rukuni ya ɗauki kashi 10 na haɗarin, wancan ya ɗauki kashi 5, har a cike ɗari. Duk abin da kamfanonin inshora na yau da kullum suka ji tsoron taɓawa, nan ake kai shi: tauraron ɗan Adam da za a harba sama, jirgin dakon mai da zai ratsa Bahar Maliya a lokacin da 'yan Huthi suke kai hari, ƙafar ɗan ƙwallo, muryar mawaƙi. Inshorar fansa ta shigo wannan kasuwa ne bayan abin da ya faru a Amurka a 1932, lokacin da aka sace jaririn shahararren matuƙin jirgin sama Charles Lindbergh, aka biya dala 50,000, daga baya aka tsinci gawar yaron. Attajirai suka firgita, kasuwa kuwa ta ga buƙata ta biya ta.

Yadda take aiki ya bambanta da abin da mutane suke zato, kuma a nan ya kamata mai karatu ya nutsu. Da farko, kamfanin ba ya kai wa masu garkuwa ko sisi. Iyalin wanda aka sace, ko ma'aikatar da yake wa aiki, su za su nemo kuɗin su biya, sannan a mayar musu. Wannan sharaɗi yana hana a biya abin da ya fi ƙarfin mutum, domin ba za ka miƙa abin da ba ka iya tarawa ba. Na biyu, sirri sharaɗi ne. Wanda ya bari aka san yana da wannan inshora yana iya rasa ta, shi ya sa ma'aikata da yawa na kamfanonin mai da ƙungiyoyin agaji suke yawo a ƙasashe masu haɗari ba tare da sun san an yi musu ita ba. Na uku, wanda shi ne ainihin abin da ake saye, da zarar an sace mutum za a turo ƙwararre ya zauna da iyali ko da ma'aikata, ya koya musu yadda za su amsa waya, yadda za su nemi hujjar cewa mutuminsu yana raye, nawa za su fara tayawa, da yadda za su jure barazana ba tare da sun ruɗe sun ninka tayin ba. Kamfanin Control Risks, wanda ya fi shahara a wannan aiki, an kafa shi a 1975 daga cikin wani kamfanin dillancin inshora na Landan, domin wannan buƙata kai tsaye.

Farfesa Anja Shortland ta King's College da ke Landan ta yi bincike mai zurfi a kan wannan kasuwa, ta fitar da littafi a 2019. Abin da ta gano shi ne rukunoni 'yan kaɗan ne a Lloyd's suke riƙe da harkar, sun san juna, suna musayar bayani game da farashin da aka saba biya a kowane yanki, kuma duk wanda ya yi gaggawar biyan kuɗi mai yawa don ya huta, ya ɓata wa saura kasuwa, to zai ga canjin fuska. Sakamakon haka, fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗanda aka sace suna da inshora sukan dawo gida da rai. Wato babban aikin wannan inshora shi ne danne farashi da jan lokaci, har mai garkuwa ya gaji ya karɓi abin da ya samu. Attajirin Landan ba don tausayi yake yin haka ba. Ribarsa ce take buƙatar sana'ar garkuwa ta kasance mai ƙaramar riba.

Inda wannan tsari ya kuɓuce, an ga abin da ya biyo baya. A Ajantina, ƙungiyar Montoneros ta sace 'yan'uwa biyu daga gidan attajiran Born a 1974, aka biya dala miliyan 60, kuɗin da ya gina ƙungiyar ya kuma buɗe idon duk wani mai bindiga a yankin. A gabar Somaliya, fansar jirgi ta tashi daga dubban ɗaruruwan daloli zuwa miliyoyi cikin 'yan shekaru. Katafaren jirgin man Saudiyya, Sirius Star, da aka kama a Nuwamban 2008 ɗauke da ganga miliyan 2, an sake shi a Janairun 2009 bayan an jefo kuɗi daga jirgin sama da laima, rahotanni suka ce dala miliyan 3 ne. Shekara biyu bayan nan an riƙa jin fansar da ta haura dala miliyan 9. Dalilin a fili yake: kowace rana jirgi ya kwana a tsare, mai shi yana asarar dukiya mai yawa, don haka biya da sauri ya fi masa sauƙi, ko da hakan zai ɗaga farashin wanda za a kama gobe. Wani rahoto da Bankin Duniya ya fitar a 2013 tare da haɗin gwiwar Majalisar Ɗinkin Duniya da 'yan sandan ƙasa da ƙasa ya ƙiyasta abin da 'yan fashin tekun suka karɓa daga 2005 zuwa 2012 a tsakanin dala miliyan 339 da miliyan 413.

Saboda irin haka ne wasu gwamnatoci suka zaɓi hani. Italiya ta yi doka a 1991 wadda take ƙwace ikon taɓa dukiyar iyalin wanda aka sace, ta kuma soke inshorar fansa. Kolombiya ta haramta biyan fansa a 1993, amma kotun tsarin mulkinta ta ce ba za a hukunta wanda ya biya don ceton rai ba. Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da ƙuduri mai lamba 2133 a 2014 yana kiran ƙasashe su hana 'yan ta'adda cin moriyar fansa, Birtaniya kuma ta mayar da shi laifi a 2015 ga kamfanin inshora ya mayar da kuɗin da aka biya 'yan ta'adda. Ma'anar wannan ita ce wanda ya faɗa hannun Boko Haram ko Ansaru, Landan ba za ta mayar masa da kuɗin fansarsa ba, ko da yana da inshora. Majalisar Dattawan Najeriya ita ma, a Afrilun 2022, wata guda bayan harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, ta amince da ƙudurin ɗaurin shekara 15 ga wanda ya biya fansa. Kowa ya ga yadda mutane suka ci gaba da biya, domin uban da ya ji kukan 'yarsa a waya ba ya tuna sashen doka.

To ina matsayin Shari'a? Tambayoyi biyu ne a cikin tambaya ɗaya, kuma cakuɗa su shi yake kawo ruɗani. Akwai hukuncin ƙullin inshorar kansa, akwai kuma hukuncin kuɗin da ake miƙa wa mai garkuwa.

Game da ƙullin, malamin farko da aka sani ya tattauna shi a littafin fiƙihu shi ne Ibnu Abidin, malamin Hanafiyya na Dimashƙa wanda ya rasu a 1836, a cikin Raddul Muhtar. Abin lura, inshorar jiragen ruwa ce ta kai shi ga maganar, irin wadda fatake suke kira sukara, inda ake ba wani Bature kuɗi a kan in kaya sun nutse ko sun ƙone ko an yi fashinsu zai biya. Ya tafi a kan cewa bai halatta Musulmi ya karɓi wannan diyya a ƙasar Musulunci ba, domin ɗora wa mutum ne abin da Shari'a ba ta ɗora masa ba. A ƙarni na 20 muhawara ta faɗaɗa. Sheikh Mustafa Zarƙa ya halatta inshorar kasuwanci a taron makon fiƙihu na Dimashƙa a 1961, Sheikh Muhammad Abu Zahra ya yi masa raddi a wurin. Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya a 1977, da Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa a Makka a 1978, da Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a Jidda a 1985, duk sun tsaya a kan haramcin inshorar kasuwanci da halaccin ta taimakon juna, wadda a yau ake kira takaful. Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce garari, wato cinikin da ba a san abin da za a samu a cikinsa ba, wanda hadisin Abu Huraira a Sahihu Muslim ya zo da hani a kansa, sai kuma kamanni da caca, da riba a wajen juya kuɗin.

Ga wani abu da ban cika jin ana ambata ba. Hujjar Zarƙa, Allah Ya jiƙansa, ta ginu ne a kan lissafi. Ya ce kamfanin da ya tara dubban mutane ya san adadin waɗanda asara za ta samu a shekara, ko da bai san su wane ne ba, don haka jahilci ya gushe daga ɓangarensa, shi kuma mai saye ya sami kwanciyar hankali tun ranar da ya biya. Wannan magana tana da nauyi a inshorar mota da ta gobara, inda ake da alƙaluman shekaru masu yawa. Amma a haɗarin da ba a saba gani ba, wanda shi ne abincin Lloyd's, hujjar takan yi rauni ƙwarai. Babu dubban taurarin ɗan Adam iri ɗaya da za a auna, babu alƙaluman da za su gaya maka jirgi nawa makami mai linzami zai samu a mako mai zuwa. Mai teburi yana yanke farashi ne da gogewa da hasashe, kuma a yankin yaƙi farashin da ya bayar yakan rayu kwana ɗaya ko biyu kawai kafin ya sake shi. Turawan Ingila da kansu sun ga kusancin wannan sana'a da caca. A ƙarni na 18 mutane suna yin inshora a kan ran wani babba da suka ji ba shi da lafiya, ba dangin iya ba na baba, sai da majalisarsu ta yi doka a 1774 cewa ba za ka yi inshora a kan ran da mutuwarsa ba za ta jawo maka asara ba. Don haka ko wanda ya bi fatawar Zarƙa a inshorar motarsa, ba lallai ba ne fatawar ta kai shi har teburin fansa.

Wannan bai shafi ma'aikacin da kamfaninsa ya yi masa inshorar ba tare da ya nema ba, domin ba shi ya ƙulla ba, kuma ceto shi wajibi ne ko ta wace hanya aka samu kuɗin halal a hannunsa. Haka mai jirgin da doka ko banki suka tilasta masa inshorar yaƙi, babu kuma takaful da zai iya ɗaukarta. Hukumar AAOIFI da ke Bahrain ta yi rangwame makamancin wannan ga kamfanonin takaful su jingina da manyan kamfanonin inshora na gargajiya gwargwadon buƙata, in babu na Musulunci.

Tambaya ta biyu ta fi nauyi. Kuɓutar da wanda ke tsare umarni ne na Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a hadisin Abu Musa al-Ash'ari da ke cikin Bukhari, inda aka jera shi da ciyar da mayunwaci da gaida marar lafiya. Takardar Madina, kamar yadda Ibnu Hisham ya kawo ta, ta ɗora wa kowace ƙabila fansar ɗanta da aka kama, a raba nauyin a tsakaninsu da adalci. An ruwaito daga Imamu Malik cewa wajibi ne mutane su fanshi kamammunsu ko da hakan zai cinye dukiyarsu. Daular Abbasiyya ta riƙa yin musayar fursunoni da Rumawa a bakin kogin Lamis tun zamanin Haruna Rashid, a Andalus kuma fansar kamammu ta zama sana'a mai zaman kanta, mai yin ta ana kiransa fakkak, yana shiga ƙasar abokan gaba da aminci yana ciniki. Ƙwararren da Lloyd's take turawa yau, Musulmi sun san irinsa tun ƙarnoni. Kuma malamai sun daɗe da bayyana cewa abin da ka bayar don kuɓuta daga zalunci halal ne gare ka ka bayar, haram ne ga mai karɓa. Don haka babu mai ɗora wa uba zunubi don ya fanshi ɗansa.

Sai dai a duba jerin da Sheikh Khalil ya yi a ƙarshen babin jihadi na Mukhtasar, littafin da aka karantar a zaurukanmu shekaru aru-aru. Fansa tana farawa ne daga baitulmali. In babu, ko an hana, sai dukiyar jama'ar Musulmi. In wannan ma ta gagara, sannan a koma ga dukiyar shi wanda aka kama. Mu a yau mun kifa jerin, ƙafa a sama. Wanda aka sace shi yake fara biya da shanunsa da gonarsa, sai 'yan'uwa, sai a zaga da kwano a masallaci, hukuma kuwa ita ce ta ƙarshe da ake jin ɗuriyarta. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a Disamban 2024 ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya sun biya naira tiriliyan 2.23 na fansa daga Mayun 2023 zuwa Afrilun 2024, matsakaicin abin da gida ɗaya ya biya kuma naira miliyan 2.67 ne. An yi ta jayayya a kan waɗannan alƙaluma, kuma kamfanin bincike na SBM, wanda yake ƙirga abin da ya fito fili kawai, ya kawo adadin da bai wuce naira biliyan ɗaya da ɗoriya ba a kusan wannan lokaci. Tazarar da ke tsakaninsu ita kanta tana nuna yawan abin da ake biya a ɓoye. In muka ɗauki matsakaicin nan na miliyan 2.67, albashin sama da shekara uku ne ga mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Inshorar fansa, in an kawo ta nan, za ta ƙara tabbatar da wannan kifaffen jeri ne, ta mayar da tsaron rai kaya na sayarwa ga mai hali.

Akwai kuma bambancin da bai kamata a tsallake ba. Maganar Khalil a kan wanda abokan gaba suka kama a yaƙi ce. Waɗanda suke dazukan Zamfara da Katsina da Birnin Gwari, hukuncinsu na 'yan fashi ne masu yaƙar Allah da ManzonSa, wanda aya ta 33 ta Suratul Ma'ida ta yi bayaninsa. A kansu akwai wani saɓani a cikin mazhabarmu wanda yake kamar an rubuta shi don wannan zamani. An ruwaito daga Malik cewa in 'yan fashi suka nemi abu ƙanƙani, kamar abinci ko tufa, a ba su kada a yi faɗa. Sahnun, wanda ya tattara Mudawwana, ya ce kada a ba su komai ko da kaɗan ne, a yaƙe su, domin hakan ya fi yanke kwaɗayinsu. Malik ya dubi ran da yake gabansa yanzu, Sahnun ya dubi ayarin da zai biyo hanyar gobe. Duk muhawarar da Italiya da Birtaniya da Majalisar Dattawa suka yi ba ta wuce waɗannan ra'ayoyi biyu ba. Amma a lura, maganar Sahnun ta haɗa abu biyu: hana kuɗi da ɗaukar makami. Wanda ya ɗauki rabin farko ya yi doka da shi, ya bar rabi na biyu, ba Sahnun ya bi ba. Hukumar da ta ce kada a biya, wajibi ne ta je ta ƙwato.

Khalil ya kuma ambaci ra'ayi biyu game da fansa da dawaki da kayan yaƙi, masu sharhi suka ce saɓanin yana nan ne muddin ba a ji tsoron abokan gaba za su rinjayi Musulmi da su ba, in an ji tsoron haka to babu saɓani a hani. Dokin ɗan bindiga a yau babur ne. Duk wanda yake bin labaran yankin ya san sau da yawa sharaɗin sakin mutane yakan haɗa da sababbin babura da man fetur da katin waya, kuma da waɗannan ake kai hari ƙauye na gaba. Ba ina cewa iyalin da aka tilasta wa sayen babur sun yi laifi ba; wanda aka tilasta yana da uzuri. Amma wata hukuma ko asusu da za su mayar da wannan tsari na dindindin, ba su da uzurin uba.

Wannan ya kawo mu ga shawarar da wasu masu kyakkyawar niyya suke bayarwa, cewa a yi abin ta hanyar takaful. A fuskar ƙulli babu matsala. Malikiyya, kamar yadda Ƙarafi ya fayyace a cikin Furuƙ, suna yafe garari a cikin kyauta da sadaka, domin wanda bai bayar da komai don musaya ba, ba a cuce shi ba. A kan wannan ƙa'ida Farfesa Siddiƙ ad-Darir na Sudan ya gina bayaninsa, kuma a Sudan ɗin aka kafa kamfanin inshorar Musulunci na farko a 1979. Najeriya tana da ƙa'idojin takaful daga hukumar NAICOM tun 2013, kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful sun sami lasisi a 2016. Matsalar tana wajen abin da asusun zai haifar. A ra'ayina, asusun da aka san yana biyan fansa a Arewa zai zama allon farashi ne ga 'yan daji.

Dalili kuwa, duk abin da ya sa tsarin Landan yake aiki, babu shi a nan. Can sirri ne sharaɗi. Nan asusun da za a tara a masallaci ko a ƙungiyar 'yan kasuwa, kafin magariba labarinsa ya kai daji, domin masu kai rahoto suna cikin gari, wasu ma a sahu ɗaya ake salla da su. Can mutum ɗaya ne yake magana da masu garkuwa. Nan kawu yana waya, abokin aiki yana waya, wani kuma yana shela a Facebook. An ga abin da ya faru a Janairun 2024 a yankin Bwari na Abuja, lokacin da aka yi gangamin tara kuɗi a shafukan sada zumunta don ceto wasu 'yan mata 'yan gida ɗaya: masu garkuwar ma suna da waya, suna ganin abin da ake tarawa. Can waɗanda aka yi wa inshorar 'yan kaɗan ne a cikin dubbai da ba za a taɓa sacewa ba. Nan manomin da yake bakin daji haɗarinsa ya kusa zama tabbas, kuma abin da ya kusa tabbas ba ya inshoruwa, domin kuɗin zubinsa zai kusa kai fansar kanta. Abin baƙin ciki, a wasu ƙauyukan gabashin Sakkwato da Zamfara akwai masu sayar da irin wannan kariya tun tuni, su ne 'yan bindigar da kansu, da harajin da suke ɗora wa gari kafin a yi noma ko girbi. Wanda ya ƙirƙiri haɗarin shi yake karɓar kuɗin kare ka daga gare shi, kuma yana saɓa alkawari duk ranar da ya ga dama.

Ana yawan zuwa wurin limamai ranar Juma'a da takarda, a ce a yi sanarwa, an sace wane, ana neman miliyan kaza. Zuciya ba ta iya ƙi. Amma abin da nake ganin ya fi shi ne kada a ambaci adadi a lasifika, kada a ambaci abin da aka tara, a ware mutum biyu ko uku amintattu su bi masu hali a ɓoye. Wannan darasi ne da za mu ɗauka daga Lloyd's ba tare da mun sayi komai daga gare ta ba. Haka ilimin magana da masu garkuwa: neman hujjar rai kafin a miƙa ko kwabo, tsayar da mai magana ɗaya, sanar da jami'an tsaro, da sanin cewa farashin farko da aka faɗa ba shi ne na ƙarshe ba. Mutanenmu suna koyon wannan ne a ranar da musiba ta sauka, alhali ana iya koyar da shi tun kafin nan.

Inda takaful da wakafi da zakka suke da fili mai faɗi shi ne bayan an dawo. Takardun inshorar Landan su ma suna biyan kuɗin asibiti, da na likitan ƙwaƙwalwa, da albashin watannin da mutum ya yi a tsare, kuma wannan sashe ba ya ƙara wa ɗan bindiga ko naira ɗaya. Wanda ya fito daga daji yakan fito da ciwo a jiki, da firgici, ya tarar babu jari, babu shanun huɗa, ga bashi. Matar da aka kashe mijinta bayan an karɓi kuɗi ta yi asara biyu. Kamfanin takaful zai iya tsara zubi mai sauƙi ga ƙungiyar direbobi ko ta masu fataucin hatsi da dabbobi, wanda zai ciyar da iyali muddin mai gida yana tsare, ya yi masa magani in ya dawo, ya ba magada wani abu in bai dawo ba. Wannan haɗari ne da za a iya lissafawa, kuma sanin cewa mutum yana da shi ba ya sa a fi son sace shi.

Zakka ma tana da ƙofa a nan. Mashhurin mazhabar Malik shi ne ba a fansar kamamme da kason 'yanta bayi, Ibnu Habib ya saɓa ya halatta, Hanbaliyya ma sun halatta, kuma Ƙurɗubi ya kawo hujjar masu halattawa cewa in 'yanta bawa daga hannun Musulmi ibada ce, to fitar da Musulmi daga ƙangin kafiri ya fi cancanta. Amma ko ba a shiga wannan saɓani ba, mutumin da ya ci bashi don ya fanshi kansa ko ɗansa, ya kasa biya, ya shiga cikin mabarta, waɗanda aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambata a fili. Hukumomin zakka da wakafi na Sakkwato da Zamfara da Kano suna iya buɗe rajista ta musamman ga irin waɗannan, a tantance su ta hannun masu unguwanni da limamai, a biya masu bin su bashi kai tsaye, a fanso gonar da aka jinginar kafin damina ta wuce. Majalisun malamai masu sa ido a kamfanonin takaful kuma, tambayar za ta iso teburinsu ko ba jima ko ba daɗe, kuma zai fi kyau su rubuta matsayinsu a kan sashen fansa da sashen jinya daban-daban, tun kafin wani dillali ya haɗa su a takarda ɗaya ya kawo musu don sa hannu.

Allah Ya kuɓutar da duk wanda yake tsare a hannun azzalumai, Ya mayar da shi ga iyalinsa lafiya.